Gahawa da cakulan da ƙamshin lemu: me ya sa madarar take tsinkewa?

MamanAbba_Rikkos:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan gahawa. Tun da sanyin hunturu ya kankama a Jos, maigidana ya bar shayi ya koma shan gahawa bayan sallar asuba, kuma ya ba ni labarin wata da ya sha a wani otal a Abuja, wadda aka haɗa da cakulan, tana kuma tashin ƙamshin lemun zaƙi. Na dama Nescafé da ruwan zafi, na zuba Milo da madarar gwangwani, sannan na matse rabin lemu a ciki, amma nan take madarar ta tsinke, ta koma ƙananan gudaji suna yawo a saman kofin, ɗanɗanon kuma ya yi wani irin tsami mara daɗi. Ta yaya ake samun ƙamshin lemun ba tare da haɗin ya lalace ba?

MalaminKimiyya_Naraguta:
Wa alaikumus salam, Maman Abba. Ruwan lemun ne ya jawo, kuma ko wane ne ya haɗa su haka, abin da zai gani ke nan. A cikin madara akwai wani sinadarin gina jiki da ake kira kasin, wanda yake zaune a warwatse muddin madarar ba ta gamu da tsami ba. A ma'aunin tsami na pH, madarar shanu tana kusa da 6.7, ruwan lemun zaƙi kuwa yana ƙasa da 4.5, kuma da zarar haɗin ya gangaro zuwa wajen 4.6 sai kasin ya dunƙule ya rabu da ruwa. Zafi yana gaggauta wannan, ita ma gahawar tana da ɗan tsami nata. Abin da ya faru a kofinki shi ne abin da masu awara suke yi da gangan idan suka zuba ruwan tsami a cikin tafasasshen ruwan waken suya.

Ƙamshin da maigidanki ya ji kuwa ba a ruwan lemun yake ba, a bawonsa yake. Idan kika lanƙwasa ɓawon lemu kusa da fitila za ki ga wani feshi yana tashi, to wannan mai ne da yake cikin ƙananan ramukan da ke fatar waje, kuma ba ya tsinka madara. Ki nemi saman bawon kaɗai, ki guji farin da ke ƙarƙashinsa, domin shi ɗaci yake kawowa.

UwarGida_Bukuru:
Malam ya faɗi gaskiya. Ga yadda nake yi wa mutum ɗaya. Ina wanke lemun da ruwan ɗumi sosai, in goge shi da ƙyalle, in goga samansa a abin goga kuɓewa ta ɓangaren ƙananan ramuka har in sami kamar rabin cokalin shayi. Sai in zuba shi a kan sukari cokalin shayi biyu in murtsuke da bayan cokali, har sukarin ya jiƙe da man ya canza launi. Daga nan in ƙara garin koko na cakulan, wanda ba a sa masa sukari ba, babban cokali ɗaya, in ɗiga ruwan zafi kaɗan in dama har ya yi kauri ya yi sumul. Sai bayan haka nake zuba gahawar mai ƙarfi rabin kofi, in cike da madara mai zafi, in tace da matacin shayi. Idan aka zuba garin kokon kai tsaye a cikin ruwa mai yawa, taso wa yake yi ya yi ƙulalai, saboda akwai mai a jikinsa.

DanFarinGada:
Hajiya Uwargida, ina da tambaya a kan lemun. Namu na nan, wanda manyan motoci suke kawowa daga Binuwai, bawonsa kore ne ko ruwan ɗorawa-ɗorawa, ba irin jan nan na manyan kantuna ba. Shin koren zai yi, ko kuwa sai an sayi na waje mai tsada?

MalaminKimiyya_Naraguta:
Koren zai yi, kuma ni shi na fi so. Koren bawo ba alamar rashin nuna ba ne a ƙasashe masu zafi. Lemu yana buƙatar sanyin dare kafin koren fatarsa ya gushe, to a wurare irin su Gboko cikinsa yakan nuna ya yi zaƙi alhali bayansa bai canza sosai ba. Na waje kuma, wanda ake shigowa da shi daga ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Masar, galibi ana shafa masa wani kaki da maganin hana ruɓewa don ya jure tafiya, shi ya sa yake ƙyalli, kuma tunda bawon ne za a sha, ya fi buƙatar wanki mai tsanani. Abin lura kawai shi ne koren bawo ya ɗan fi kaifi, don haka a rage yawansa.

MaiShayi_Terminus:
Ni dai da izinin manya, na ga ana wahalar da abu mai sauƙi. Duk mai tallan lemu a bakin titi yana fere koren bawon da wuƙa ya bar farin, kuma wannan zaren bawon da yake tarawa a gefen tirensa zubar da shi yake yi. Wanda ya sayi lemu ya ce a wanke kafin a fere, a ba shi bawon a leda, ya sami abin da ake nema ba tare da goge-goge ba. A teburina idan wani ya nemi irin wannan, sai in jefa zare ɗaya mai tsawon yatsa a cikin madarar tana kan wuta, in bar shi minti uku zuwa biyar, in tsame. Sannan Milo ko Bournvita ya wadatar, ba kowa ne zai je neman garin koko zalla ba.

UwarGida_Bukuru:
Mai Shayi, dabarar jefa bawon a madara tana da kyau, ban musa ba, amma a kan Milo ban yarda da kai ba. Milo da Bournvita akwai sukari da sinadarin malt da madara a cikinsu, kokon kaɗan ne daga cikin haɗin, saboda haka kafin a ji ɗanɗanon cakulan a kan ɗacin gahawa sai an zuba cokali uku ko huɗu, a lokacin kuma zaƙin ya riga ya danne komai, har da ƙamshin lemun da aka sha wahala a kansa. Abin da mijin Maman Abba ya sha a otal, ina kyautata zaton da baƙin cakulan aka yi shi ko garin koko zalla.

MaiShayi_Terminus:
Hajiya, ke kina yi wa mutum ɗaya ne a ɗakin girkinki, ni kuwa ina sallamar masu jiran mota cikin sanyi, kuma yawancinsu zaƙin suke nema. Amma na ji bayaninki.

Alhaji_Gangare:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da 'ya'yana suka rubuta, kuma ni a ganina an yi nisa da gahawa. Wadda muka sha a Makka da Madina ba ta da madara, ba ta da sukari, ba a ma soya 'ya'yanta har su yi baƙi, sai dai a dafa ta da hel, wato kayan ƙamshin nan da ake kira cardamom da Turanci, a zuba kaɗan-kaɗan a ƙaramin finjali, a haɗa da dabino. Asalin itacen daga Habasha yake, kuma sufayen Yaman ne suka shahara da shanta tun ƙarni na 15 domin ta taimaka musu wajen raya dare da zikiri, daga nan ta bi ta tashar jiragen ruwa ta Moka da ke bakin Bahar Maliya ta bazu a duniya. Abin da aka sha ɗaruruwan shekaru a haka, ban ga dalilin cika shi da cakulan da lemu ba har a rasa gane me ake sha.

Binta_Lugbe:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ai ita ma ta Makka da kuka ambata an sa mata hel, wani lokaci har da kanumfari, ke nan ƙara wa gahawa ƙamshi ba sabon abu ba ne, kowace ƙasa da abin da take da shi a kusa. A Senegal akwai gahawar Tuba, wadda mabiya ɗarikar Muridiyya suka yaɗa, kuma kimba ake sa mata, wannan kimbar dai da muke sa wa a kunu da yaji. A Meziko kuma ana dafa ta a tukunyar ƙasa da kirfa da wani dunƙulallen sukarin rake wanda kusan mazarƙwailarmu ce, wasu har bawon lemu suke jefawa. Idan mu da muke da lemun Binuwai da kokon Ondo muka haɗa su, ban ga mun saɓa wa kowa ba.

Alhaji_Gangare:
Kin yi magana mai ma'ana, 'yata. Sai dai ina nan a kan cewa wanda bai taɓa shanta zalla ba, ya fara gwada hakan kafin ya yanke hukunci cewa tana buƙatar gyara.

Dan_Mambila:
Ina so in ɗauko wani ɓangare da ba a taɓa ba, wato ita gahawar kanta. Maman Abba ta ce Nescafé ta dama, kuma babu laifi a ciki, amma irin wannan garin an riga an dafa shi a masana'anta an busar, yawancin ƙamshinsa ya tafi, kuma galibi akwai nau'in robusta a ciki, wanda ya fi ɗaci. Nau'in arabika shi ne yake da ɗan ɗanɗanon 'ya'yan itace da yake tafiya da lemu, kuma ana noma shi a ƙasar nan, a tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, inda tsayi da sanyi suka dace da shi. Cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, gahawa da goro da ganyen shayi duk suna cikin aikinta, tana kuma da reshe a can Mambila. Abin takaicin shi ne yawancinmu ba mu taɓa ganin ɗanyen ƙwayar ba, sai ta gwangwani.

Wanda ya samu niƙaƙƙiya ba ya buƙatar wata na'ura. Ma'aunin da aka saba shi ne giram 60 ga lita ɗaya ta ruwa, amma tunda za a ƙara madara da koko, sai a ninka ƙarfin, wato babban cokali biyu a rabin kofin ruwa. A zuba ruwan zafi a kai, a rufe minti huɗu, a tace da farin ƙyalle mai tsabta. Wanda kuma ya samu ɗanya, ya soya ta a busasshen kasko a kan wuta matsakaiciya yana juyawa ba tsayawa, zai ji ta fara ƙara tas-tas, daga nan kaɗan ya rage ya sauke, ya baza a tire ya fifita ta huce. Gargaɗi ɗaya: kada a daka ta a turmin da ake daka daddawa ko yaji, domin gahawa tana kwasar wari fiye da yadda ake zato.

MamanAbba_Rikkos:
Na gode ƙwarai, Yaya Ɗan Mambila. Na karanta a wani wuri cewa ba a zuba wa gahawa tafasasshen ruwa, sai an bari ya ɗan huce. Ba ni da ma'aunin zafi, to yaya zan gane lokacin da ya dace?

MalaminKimiyya_Naraguta:
A nan mu mutanen Jos muka yi sa'a. Zafin da ake so yana tsakanin digiri 90 zuwa 96 a ma'aunin Salsiyas. A bakin teku, kamar Legas, ruwa yana tafasa a digiri 100, shi ya sa ake cewa a jira. Jos kuwa tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma yayin da ake hawa sama nauyin iska yana raguwa, ruwa yana tafasa da wuri, a nan wajen digiri 96. Ke nan da kin sauke butar, kafin ki kai ta kan kofi ta riga ta shiga iyakar da ake so. Binta da take Abuja, inda tsayin bai kai rabin namu ba, ita ce za ta jira kamar rabin minti. Matsalarmu ta gaske a watan Disamba da Janairu ita ce saurin hucewa, don haka a fara ɗauraye kofin da ruwan zafi kafin a haɗa komai a ciki.

Binta_Lugbe:
Tunda an ambaci Abuja, bari in ce ban yarda a kori ruwan lemu gaba ɗaya ba. Malam ya ce madara ce ba ta jituwa da shi, to sai a cire madarar. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja yake hana mutum sha'awar duk wani abu mai tururi, ina cika kofin gilashi da ƙanƙara, in zuba tataccen ruwan lemu har kashi biyu cikin uku, in narkar da koko da ɗan sukari a cikin gahawa mai ƙarfi, in bar ta ta huce, sannan in tsiyaya ta a hankali ta bayan cokali. Takan tsaya a sama baƙa, lemun yana ƙasa, sai an juya suke haɗuwa. Ba kowa yake sonta ba, ƙanwata ta ce mini kamar magani take ji, amma babu abin da yake tsinkewa.

DanFarinGada:
Anti Binta, na gwada irin taki da lemun tsami kuma ban iya shanyewa ba. Ina ganin sai lemun zaƙi ko tanjarin.

Nas_Vom:
Ina jin daɗin muhawarar, amma a matsayina na ma'aikaciyar jinya dole in sa baki. Hukumomin kula da abinci na Turai da Amurka sun yi ittifaƙi cewa miligiram 400 na sinadarin kafin (caffeine, wato sinadarin da ke cikin gahawa mai hana barci) a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya, wato kusan kofi huɗu na dafaffiyar gahawa, mai juna biyu kuwa shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada ta wuce miligiram 200. A tuna cewa robusta tana da kusan ninki biyu na kafin ɗin da ke cikin arabika, koko ma yana da nasa kaɗan tare da wani ɗan'uwansa mai suna tiyoburomin, kuma wanda yake cin goro ya riga ya sha duka biyun kafin ya taɓa kofi. Jiki yana ɗaukar kusan awa biyar kafin ya rage rabin abin da aka sha, saboda haka wanda ya sha bayan la'asar kada ya yi mamaki idan barci ya ƙi zuwa.

Abu na biyu shi ne ƙwannafi. Gahawa da cakulan da ruwan lemu, kowannensu yana cikin abubuwan da suke tayar wa wasu mutane da shi, to haɗin Binta ya tara ukun a kofi ɗaya, kuma mai gyambon ciki ya yi hattara da shansa kafin ya ci wani abu. Masu shan maganin ƙarin jini kuma su raba lokacinsa da na gahawa, domin tana rage yadda jiki yake tsotsar sinadarin ƙarfe. Yara kuma a yi musu da koko da madara da bawon lemu kawai, ba sai an sa gahawa ba.

MaiShayi_Terminus:
Anti Nas, idan mutum ya maye sukari da mazarƙwaila ko zuma, ai ya tsira daga matsalar ciwon sukari, ko ba haka ba? Masu saye da yawa suna tambayata.

Nas_Vom:
Ba haka ba ne, Mai Shayi, kuma don Allah ka daina ba su wannan tabbacin idan kana bayarwa. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa ya daskare, zuma ma sukari ce a wajen jiki, dukansu suna ɗaga sukarin jini. Wanda ya fi son ɗanɗanonsu ya sa, amma mai ciwon sukari ya lissafa su a matsayin sukari.

UwarGida_Bukuru:
A kan rage zaƙi akwai dabara ɗaya da ta taimake ni. Ɗan gishiri kaɗan, abin da yatsu biyu za su ɗauka ko ma ƙasa da haka, yana kwantar da ɗacin koko da gahawa, sai mutum ya ga cokali ɗaya na sukari ya ishe shi a inda da yake sa biyu. Mazarƙwaila kuma ni ina sonta a wannan haɗin saboda ɗan ƙaurin da take da shi yana tafiya da cakulan, sai dai a narkar da ita daban a tace, domin wani lokaci akan sami yashi ko ɓurɓushin rake a ciki. Wanda yake son kumfa a sama kuma ya kaɗa madarar da maburgi tana da zafi kafin ya zuba.

Hadiza_TudunWada:
Ni matsalata lokaci ce, domin ina fita aiki da sassafe, ba zan iya goga lemu kullum ba. Akwai yadda za a yi a ajiye?

Dan_Mambila:
Akwai hanya biyu, Malama Hadiza. Ta farko, ki dafa ruwa kofi ɗaya da sukari kofi ɗaya da bawon lemu biyu a kan wuta kaɗan na minti goma, ki bari ya huce, ki tace a kwalba mai tsabta, kullum ki ɗebi cokali ɗaya. A firiji yana kai mako biyu, amma idan unguwarku ana yawan ɗauke wuta, ki yi kaɗan. Ta biyu ta fi dacewa da wannan lokaci, wato ki shanya bawon a inuwa ki rufe da ƙyalle mara kauri saboda ƙura, iskar hunturu za ta busar da shi cikin 'yan kwanaki har ya riƙa karyewa, sai ki daka ki haɗa da garin kokon a gwangwani ɗaya. Ƙamshin busasshe bai kai na ɗanye tashi ba, wannan gaskiya ne.

DanFarinGada:
Maganar garin koko zalla da ake ta yi, na je neman sa a manyan kantuna na ga kuɗinsa ya ba ni tsoro. Abin mamaki ne a ƙasar da take cikin manyan masu noman koko a duniya, bayan Kodebuwa da Gana, ga Ondo ga Kuros Riba ga Osun. Na san farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya a 2024, har tan ɗaya ya haura dala 10,000, amma duk da haka yawancin abin da muke nomawa ɗanye ake fitar da shi, mu kuma mu sayo wanda aka sarrafa. A wurin masu sayar da kayan kek na same shi da ɗan sauƙi, suna aunawa a ƙulla a leda, sai dai mutum ya shinshina ya tabbatar ba a gauraya shi da fulawa ba.

MamanAbba_Rikkos:
Jama'a, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na bi hanyar Hajiya Uwargida, da koren lemu da garin koko da na samu a wurin masu kayan kek kamar yadda Ɗan Farin Gada ya ce, kuma madarar ba ta tsinke ba. Maigidan ya ce ƙamshin ya yi, amma wadda ya sha a Abuja ta fi wannan kauri da santsi a baki, tawa kuma akwai ɗan gari-gari a ƙasan kofin. Shin madarar ce ta yi kaɗan, ko kuwa akwai wani abin da suke sawa?

UwarGida_Bukuru:
Garin koko ba ya narkewa gaba ɗaya, kwanciya yake yi idan kofin ya daɗe a ajiye, kuma an riga an cire masa yawancin mansa a masana'anta. Santsin da yake nufi daga man koko yake zuwa, wanda yake cikin cakulan na sanda. Ki sami baƙin cakulan mai kashi 70 cikin ɗari, ki yanka giram 20 ƙanana-ƙanana, ki narkar a cikin madarar tana da zafi amma ba tana tafasa ba, ki rage sukarin tunda akwai shi a ciki.

MaiShayi_Terminus:
Ko kuma ta bar madarar gari ta yi amfani da ta ruwa ta gwangwani ba tare da ta tsinka ta da ruwa ba, ta ga ko kaurin ba zai zo ba. Cakulan na sanda a wannan tsadar, kofi ɗaya sai ya ci kuɗin karin kumallon gida guda.

Alhaji_Gangare:
Ɗan Mambila, idan akwai mai zuwa Gembu a cikin 'yan'uwanka, ina son mudu ɗaya na ɗanyar, zan soya da kaina. A sanar da ni ta saƙon sirri nawa ake sayarwa yanzu.